Rigimar SOPA: a kama ɓarawon fim, amma kar a danƙa wa gwamnati makullin intanet

Ranar 18 ga Janairun 2012 duk wanda ya buɗe Wikipedia ta Turanci baƙin shafi ya tarar, ba labari ba tarihi ba komai, sai ɗan gajeren rubutu da wani gurbi da Ba'amurke zai sa lambar yankinsu a fito masa da sunan ɗan majalisarsa ya kira shi a waya. Awa 24 cur aka yi a haka. Reddit ya rufe na awa 12, Google bai rufe ba amma ya manna baƙin layi a kan sunansa, dubban ƙananan shafuka suka bi sahu. Ba kutse aka yi musu ba fa, su da kansu suka ja ƙofa saboda wasu ƙudirori biyu na yaƙi da satar fasaha a intanet da ke gaban majalisar Amurka, SOPA a majalisar wakilai da PIPA a ta dattawa. Kwana biyu kacal bayan nan, ranar 20 ga wata, Harry Reid shugaban masu rinjaye a majalisar dattawa ya ɗage ƙuri'ar da aka sa za a kaɗa ranar 24, shi ma Lamar Smith ɗan Texas wanda ya kawo SOPA ya ce a dakata tukuna, kuma daga wannan dakatawar ba su ƙara tashi ba.

Ni a wajena da aka binne su an yi daidai, amma ba don dalilin da wasu masu murnar suke kawowa ba. Akwai mutanen da da zarar an ce satar fasaha sai su taɓe baki, wai ai kamfanonin Hollywood ne masu biliyoyin dala, me zai rage su don talaka ya kalli fim kyauta. Wallahi wannan maganar ban yarda da ita ba, kuma duk wanda ya ga abin da ya sami kasuwar fim a Kano bai kamata ya yarda ba. Furodusa ya ci bashi ko ya sayar da fili, ya biya jarumai, ya biya mai kyamara da mai haɗa hoto, ya ciyar da mutane a lokeshan, ya buga sidi ya kai Ƙofar Wambai da safe, kafin magariba fim ɗin ya shiga kwamfutar 'yan dawunlodin ana tura wa mutane a memori da 'yan nairori, shi kuma ko sisi bai gani a ciki ba. Haka aka yi ta yi har kasuwar sidi ta mutu murus, kuma ba manyan jarumai ne suka fi jin jiki ba, masu riƙe fitila ne da masu kwalliya da direbobi da mai dafa abincin lokeshan. Saboda haka in mai fim ya ce ana cutarsa gaskiya ya faɗa, ko a Kano yake ko a Los Angeles, haƙƙin mutum ba ya komawa halal don kawai an ga yana da kuɗi.

Matsalar ita ce maganin da suka kawo. Sanata Patrick Leahy ya gabatar da PIPA a watan Mayun 2011, Lamar Smith ya kawo SOPA a Oktoba, ɗaya ɗan Dimokurat ɗaya ɗan Rifablikan, kaga ba ma rigimar jam'iyya ba ce, duka ɓangarorin sun sa hannu, ga ƙungiyar kamfanonin fim ta MPAA da ta masu waƙa RIAA da ƙungiyar 'yan kasuwar Amurka duk suna baya suna turawa. Hujjarsu ita ce shafukan da ke satar suna ƙasashen waje, hannun kotun Amurka ba ya kaiwa can, to tunda ba za a iya kamo mai shafin ba sai a datse duk hanyar da ke kaiwa gare shi daga cikin Amurka. Babban lauyan gwamnati zai je kotu ya karɓo oda, sannan kamfanonin da ke ba mutane intanet su toshe sunan shafin, Google da ire-irensa su goge shi daga sakamakon bincike, Visa da PayPal su daina biyansa, kamfanonin talla su janye, duk cikin kwana 5. Kuma mai shafin yana can wata ƙasa wataƙila ma bai san ana yi ba sai dai ya wayi gari ya ga babu shi.

Amma wajen da ya fi ɗaga min hankali shi ne sashen da bai ma shafi gwamnati ba. A SOPA ta farko, kafin hayaniya ta sa a gyara a watan Disamba, kamfani mai haƙƙin mallaka ba sai ya je gaban alƙali ba, takarda kawai zai rubuta wa kamfanin biyan kuɗi ko na talla ya ce wancan shafin na satar kayana ne, su kuma cikin kwana 5 su yanke hulɗa da shi sai dai in mai shafin ya yi sauri ya kawo martani. Sannan aka ƙara da cewa duk kamfanin da ya toshe shafi bisa raɗin kansa saboda yana ganin na sata ne, doka ta kare shi ba za a kai shi ƙara ba. To don Allah kai ne manajan PayPal, in ka toshe babu abin da zai same ka, in ka ƙi toshewa lauyoyin Hollywood na iya maka ka a kotu, wanne za ka zaɓa? Ai ko tunani ba za ka tsaya yi ba. Ga shi kuma yadda aka fassara shafin sata ɗin ya yi faɗi da yawa, har da wanda ke sauƙaƙa wa wasu yin satar, alhali tun 1998 akwai dokar DMCA wadda ta ce in wani ya ɗora kayan sata a shafinka, aka sanar da kai ka cire, to ba ka da laifi. Wannan kariyar ce ta sa YouTube da Facebook suka iya rayuwa tun farko, in babu ita ba wanda zai yarda ya buɗe shafin da jama'a ke ɗora abin da suka ga dama, don mutum ɗaya cikin miliyan zai iya jawo a rufe maka komai.

Kamar a ce an sami mai shago ɗaya a Kantin Kwari yana sayar da atamfar sata, maimakon a kama shi sai a garƙame ƙofar layin gaba ɗaya da masu gaskiya da marasa gaskiya a ciki, shi kuwa ɓarawon tun kafin a gama sa kwaɗon ya kwashe kayansa ya koma layin baya ya ci gaba da ciniki.

Don abin da zai faru kenan a zahiri. Toshewar da suka tsara ta DNS ce, wato tsarin da ke haɗa sunan shafi da lambarsa, kai ka rubuta suna, tsarin ya nemo lambar da kwamfuta ke ganewa ya kai ka. In an toshe a nan shafin bai je ko'ina ba, yana nan daram, duk wanda ya san lambar ko ya canza DNS ɗin wayarsa zuwa na wata ƙasa ko ya kunna VPN zai shiga abinsa, mai shafin kuma ya sayi sabon suna da 'yan daloli kafin gari ya waye. Wato ƙwararren mai sata ba a taɓa shi ba. A tsakiyar Disambar 2011 injiniyoyi 83 da suka yi aikin gina intanet ɗin kanta, har da Vint Cerf, suka rubuta wa majalisar wasiƙa cewa wannan tsarin zai iya wargaza DNS ya jawo matsalolin tsaro, wasu ƙwararrun kuma tun kafin nan sun yi gargaɗin zai yi karo da DNSSEC, wani tsarin tsaro da aka daɗe ana haɗawa don hana 'yan damfara karkatar da kai zuwa shafin banki na bogi, wanda ita gwamnatin Amurkan da kanta take goyon baya. Sai kuma wani sashe da ya ba da damar a kai ƙarar masu ƙera manhajar tsallake toshewa, irin manhajar da ma'aikatar harkokin wajen Amurka ke zuba wa kuɗi a lokacin don 'yan China da Iran su tsallake toshewar gwamnatocinsu, ko shekara biyu ba a yi ba da Hillary Clinton, sakatariyar harkokin wajen, ta tsaya ta yi dogon jawabi a kan 'yancin intanet a Janairun 2010. Abin dariya abin haushi. A zaman jin bahasi kan SOPA na 16 ga Nuwamban 2011 shaidu shida aka kira, biyar masu goyon baya, ɗaya tak mai adawa, ita ce lauyar Google, ba injiniya ko ɗaya. Da aka zo zaman duba ƙudirin a Disamba wasu 'yan kwamitin da bakinsu suka ce su fa ba su san yadda abin ke aiki ba, amma a hakan suke son a wuce da shi.

Wani zai ce ai duk wannan hasashe ne, tsoron abin da bai faru ba. A'a malam, ya faru, kuma tun kafin SOPA. Daga 2010 hukumar shige da fice da kwastam ta Amurka, ICE, ta fara ƙwace sunayen shafuka da ke ƙarƙashin ikon Amurka. A Nuwamban 2010 suka ƙwace wani shafin waƙoƙi mai suna Dajaz1, suka riƙe shi sama da shekara, lauyan shafin yana ta neman a nuna masa takardun kotu ana ce masa a rufe suke, daga ƙarshe a Disambar 2011 aka mayar da shi shiru ba tuhuma ba haƙuri, ashe wasu waƙoƙin ma mutanen kamfanonin waƙar ne da kansu suka turo masa don ya tallata. A Fabrairun 2011 garin farautar masu hotunan lalata da yara suka ƙwace wani suna, mooo.com, wanda ashe akwai ƙananan shafuka wajen 84,000 a ƙarƙashinsa, na ƙananan 'yan kasuwa da na mutane kawai, duk wanda ya buɗe sai ya ga tambarin gwamnati da sanarwar laifin lalata da yara. Ka yi tunanin kwastomanka ko surukinka ya buɗe shafinka ya ga wannan. Rojadirecta, wani shafin kallon wasanni na Sifaniya, kotunan ƙasarsu sun riga sun ce bai karya dokarsu ba, amma Amurka ta ƙwace sunansa a 2011 ta riƙe har 2012 sannan ta saki. Wannan fa da ɗan ƙaramin ikon da suke da shi ne, sannan aka zo ana cewa a ƙara musu.

Sai kuma abin da ya faru washegarin rufe Wikipedia, wanda ni a ganina shi ya gama kashe hujjar masu ƙudirin. Ranar 19 ga Janairu gwamnatin Amurka ta rufe Megaupload, ɗaya daga cikin manyan shafukan ajiye fayil a duniya a lokacin, kamfani mai rajista a Hong Kong, mai shi Kim Dotcom haifaffen Jamus yana zaune a New Zealand, 'yan sanda suka dira gidansa har da jirgi mai saukar ungulu. Ba SOPA ba PIPA, da tsofaffin dokoki da haɗin kan 'yan sandan ƙasashe. To ina maganar hannunmu ba ya kaiwa waje? Kuma ko a nan ɗin mutanen da suka ajiye kayansu na halal a shafin, hotunansu da bidiyon aikinsu, sun tashi a tutar babu, shari'ar miƙa Dotcom ga Amurka kuma ta ci sama da shekara goma ana jan ta.

Alƙaluman asarar da ake ta yawo da su ma na biliyoyin dala, ofishin binciken majalisar Amurkan da kansa, GAO, ya fitar da rahoto a Afrilun 2010 ya ce wasu daga cikin waɗanda aka fi ambata ba a iya gano tushensu ba. Asara akwai ta, amma ba kowane wanda ya kalli fim kyauta ne zai saya ba in an hana shi, wani haƙura kawai zai yi.

Yanzu kar wani ya ɗauka ina cewa Google da Facebook waliyyai ne da suka fito kare talakawa. Haba. Kasuwancinsu ne aka taɓa, talla suke sayarwa a gefen kayan da wasu suka wahala suka yi, dokar da za ta ɗora musu alhaki dole su yaƙe ta, kuma tun daga lokacin sun zama cikin manyan masu kashe kuɗi wajen kamun ƙafa a Washington. Su ɗin nan da suka yi ta ihun a bar mutane su yi magana, yau su ke rufe maka asusu ba bayani ba wanda za ka kai wa kuka, na'urar YouTube mai gano waƙa ta kama maka bidiyo a kan abin da naka ne ka rasa inda za ka sa kanka. Amma duk da haka abin da ya juya 'yan majalisa ba kuɗin Google ba ne kaɗai, kiran waya ne. Wikipedia ta ce mutum sama da miliyan 160 suka ga baƙin shafin, wajen miliyan 8 suka nemi lambar wakilinsu, miliyoyi suka sa hannu a takardar koken da Google ta buɗe, kafin nan a Disamba kamfanin sayar da sunayen shafuka GoDaddy da ya goyi bayan SOPA kwastomomi suka fara kwashe shafukansu har ya janye ba shiri. A ranar 18 ɗin Marco Rubio da wasu sanatocin da sunansu ke kan PIPA suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma waɗanda suka tsaya tun babu kowa, irin Sanata Ron Wyden na Oregon da ya tare PIPA tun a Mayu kamar yadda ya tare wadda ta gabace ta a 2010, da matashin nan Aaron Swartz da ƙungiyarsu ta Demand Progress. Shi kuwa Chris Dodd, tsohon sanata da ya koma shugaban MPAA, ya hau talabijin yana gargaɗin 'yan siyasa cewa kar wanda ya ƙi tsaya musu ya dawo neman gudunmawar kamfe a wajensu. A fili ƙarara. Ko a nan gida da wuya ka ji an faɗe ta haka gatsal a gaban kyamara.

Turai ma ta ɗauka, zanga-zanga ta ɓarke a Poland a kan yarjejeniyar ACTA mai kama da wannan, a Yulin 2012 majalisar Tarayyar Turai ta yi watsi da ita da ƙuri'a 478, masu so 39 kacal.

Amma babbar hujjata ba a Amurka take ba, tana ƙasashen da suka gina na'urar toshewar. A Ingila kamfanin BT ya kafa wani tsari mai suna Cleanfeed a 2004 don toshe hotunan cin zarafin yara, abin da babu mai hankalin da zai yi musu a kai. A 2011 kamfanonin fim suka je kotu suka ce tunda kuna da na'urar ai sai ku toshe mana shafin satar fim na Newzbin2 da ita, alƙali ya amince, 2012 aka bi da wani shafin satar, Pirate Bay, daga baya har shafukan sayar da agogon jabu. Rasha ta fi muni, a 2012 aka yi dokar baƙin jadawali da sunan kare yara daga batsa da ƙwaya da kisan kai, Wikipedia ta Rashanci ma ta rufe na kwana ɗaya don adawa ba a saurare ta ba, a 2013 aka ƙara satar fim a ciki, ƙarshen shekarar aka ba babban mai gabatar da ƙara ikon toshe abin da ya kira tsattsauran ra'ayi ba sai da kotu ba, zuwa Maris 2014 an toshe shafin Kasparov da Grani da na Navalny. Shekara biyu ba su cika ba daga kare yara zuwa rufe bakin 'yan adawa, kuma na'urar ɗaya ce, hukumar ɗaya ce, jerin sunayen ne kawai ke ƙaruwa. Italiya kuma saboda masu satar wasannin Serie A ta kawo Piracy Shield a 2024, masu haƙƙin wasa su shigar da adireshi, kamfanonin sadarwa su toshe cikin minti 30, ba alƙalin da zai duba kafin nan, a Oktoban shekarar sai ga shi an toshe Google Drive na awanni a ƙasar bisa kuskure.

In za a yi adalci, akwai abin da masu goyon bayan toshewa suke faɗa da ba ƙarya ba ne. Sun ce Ingila da Ostireliya da wasu ƙasashe da dama sun shekara da shekaru suna toshe shafukan sata kuma intanet ba ta fashe ba, akwai ma binciken wasu malaman jami'ar Carnegie Mellon da ya nuna toshe Pirate Bay shi kaɗai bai yi wani tasiri ba amma da aka toshe shafuka da yawa lokaci guda masu shiga shafukan halal sun ƙaru. Na yarda. Sai dai a Ingila babbar kotu ake zuwa, alƙali ya duba hujja, a rubuta hukunci kowa ya karanta, wanda aka zalunta yana da ƙofar komawa. Kuma ƙasa ce da ɗan jarida zai caccaki firaminista da safe ya kwana a gidansa da daddare. In za ka aro dokar ka aro har da kotun da jaridun, in ba haka ba rabin abin ka ɗauko, kuma rabin mai haɗarin.

Mu nan ai ba sai an ba mu labari ba. Ranar 4 ga Yunin 2021, bayan Twitter ta goge wani saƙon Shugaba Buhari, ma'aikatar Lai Mohammed ta sanar da dakatar da Twitter, kuma a Twitter ɗin aka sanar, washegari kamfanonin sadarwa suka toshe bisa umarnin hukumar sadarwa, ba majalisa ba kotu, ministan shari'a Abubakar Malami har ya ce a gurfanar da masu tsallakewa. Sai 13 ga Janairun 2022 aka buɗe, wata bakwai, masu sayar da atamfa da turare da takalma ta nan suka yi ta asara, kotun ECOWAS kuma sai a Yulin 2022 ta ce abin ya saɓa doka, bayan an gama an buɗe. Kafin nan a 2015 Sanata Bala Ibn Na'Allah ya kawo ƙudirin taƙaita rubutu a kafofin sada zumunta da jama'a suka yi wa ca har aka janye, a 2019 Sanata Sani Musa na Neja ya kawo nasa da zai ba 'yan sanda damar sa a toshe shafi a kan abin da suka ga ƙarya ne, ga sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi ta kama 'yan jarida da masu rubutu da shi har aka yi masa kwaskwarima a 2024. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da aka kawo da sunan za mu rufe muku baki, kowanne da kyakkyawan suna ya zo, tsaro, yaƙi da ƙarya, kare mutunci.

Shi ya sa nake mamakin yadda sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta wuce ba wata hayaniya. Akwai abubuwa masu kyau a ciki, ta kawo tsarin sanarwa da cirewa irin na DMCA, ta kula da makafi da masu buƙata ta musamman, amma kuma ta ba hukumar haƙƙin mallaka ikon toshe shafi ko mahaɗin da take da dalilin ganin yana sata. Hukuma fa, wadda shugaban ƙasa ke naɗa mata shugaba. Yau shafin fim ɗin sata ne, ba wanda zai yi kuka har da ni. To gobe in wani ya ɗora bidiyon wani babba yana karɓar abin da bai kamata ba, ko yana faɗin abin da yake musun ya faɗa, sai gidan talabijin na gwamnati ya ce hotonmu ne an sata? Ba sabon salo ba ne, a Ecuador zamanin Rafael Correa an yi ta amfani da ƙorafin haƙƙin mallaka ana sauke bidiyon masu sukar gwamnati daga YouTube da Twitter.

Kuma abin takaicin shi ne ko an toshe ɗin ba zai dawo wa ɗan Kannywood da kuɗinsa ba, don satar da ta kashe shi yawancinta ba ta bi ta wani shafi ba. Daga kwamfutar shago zuwa memori, daga waya zuwa waya ta Xender, sai guruf-guruf na WhatsApp da tashoshin Telegram. Wanne za ka toshe a ciki, ko WhatsApp ɗin za a rufe gaba ɗaya? Abin da ya ɗan farfaɗo da masana'antar ba doka ba ce, komawa YouTube ne da fina-finai masu dogon zango da tashoshi irin Arewa24, inda mai kallo ya ga ya fi masa sauƙi ya kalla a wajen mai shi da ya je shago, duk da dai kuɗin da YouTube ke biya a kan mai kallo daga Najeriya bai taka kara ya karya ba, wannan kuma wata rigimar ce daban. A Amurka da Turai ma Netflix da Spotify ne suka rage satar fiye da duk wata barazana, da kamfanonin suka rarrabu kowa ya buɗe nasa ya tsauwala kuɗi sai ga mutane sun fara komawa gidan jiya. (Mu kuma masu kukan an sace mana, in an tashi maganar fina-finan Indiya da ake fassarawa ana sayarwa sai kowa ya kalli gefe, su masu shi a Mumbai an tambaye su?)

Su masu ƙudirin can Amurka ba su haƙura ba fa, dabara suka canza. A Disambar 2020 hukuncin da ya mayar da gudanar da shafin yaɗa fim ɗin sata don kuɗi babban laifi ya wuce a cikin wani ƙaton kundin kasafi da tallafin korona mai shafi sama da 5,000, wanda 'yan majalisa suka samu awanni kaɗan kafin ƙuri'a, duk da dai wannan ya fi na SOPA tsafta don masu kasuwancin satar ya nufa ba mai kallo ba. A farkon 2025 kuma 'yar majalisar wakilai Zoe Lofgren, wadda tana cikin waɗanda suka fi yaƙar SOPA a kwamitin, ita da kanta ta kawo sabon ƙudirin toshe shafukan waje amma ta hanyar kotu. Ban ga laifinta ba in har kotun ta gaske ce.

Abin da zan iya amincewa da shi kenan ko a can ko a nan. A bi kuɗin, mai shafin sata don talla yake yi, a kama asusunsa a gurfanar da shi. In dole sai an toshe, to alƙalin babbar kotun tarayya ne zai ba da oda ba darakta ba, a nemi mai shafin a ji ta bakinsa, odar ta ambaci shafin da sunansa kuma ta zama mai wa'adi, a wallafa jerin duk abin da aka toshe inda kowa zai gani, sannan wanda ya kawo ƙorafin ƙarya ko ya sa aka rufe shafin da ba ruwansa ya biya diyya daga aljihunsa. MOPPAN da sauran ƙungiyoyin 'yan fim su ya kamata su fara neman a sa waɗannan sharuɗɗan a dokarmu, don sun fi kowa sanin yadda hukuma mai ikon dakatarwa take, tun 2001 suke zaune da hukumar tace fina-finai ta Kano, kuma a 2008 sun ga an ɗaure furodusa a cikinsu.